Wata takwas kafin tafiya Torino: ta ina zan fara koyon Italiyanci?

Wani matashi ya aiko da tambaya. Ya samu gurbin karatun digiri na biyu a birnin Torino na ƙasar Italiya, tafiya sai nan da wata takwas. Da Turanci za a yi karatun, amma yana so ya sauka da ɗan abin da zai yi magana da mutanen gari. Ya sauke manhajar koyon yare ta Duolingo, ya yi sati uku yana latse-latse, har yanzu ba ya iya haɗa jimla da bakinsa. Yana neman a gaya masa littafin da zai saya da yadda zai tsara lokacinsa.

Ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan karatu. Na shafe shekaru ina koyar da manya Italiyanci, akasarinsu mutanenmu na Afirka ta Yamma, ina kuma yi wa wasu tafinta a ofis da asibiti, don haka na ga inda ake tuntuɓe. Ka yi tunani mai kyau da ba ka dogara da Turanci ba. A aji zai fisshe ka. Amma ran da ka tsaya a layin ofishin 'yan sanda da suke kira questura don neman takardar zama, ko kana ciniki da mai gidan haya, ko kana yi wa likita bayanin inda ke maka ciwo, Italiyanci za ka nema. Doka ta ba ɗalibi damar aikin awa 20 a mako, kuma ƙananan ayyukan da ɗalibai ke samu kusan duk sai da yaren gari.

Kafin maganar littafi, akwai abin da nake so ya zauna maka. Kai Bahaushe ne, kuma Hausa ta fi Turanci kusa da Italiyanci ta fuskoki da dama. Kusan duk kayan koyon da za ka samu an tsara su ne don Ba'amurke ko ɗan Ingila, suna ɓata lokaci a kan abin da kai ka riga ka iya tun kana goye, suna tsallake abin da zai wahalar da kai. In ka riƙa bi ta Turanci kafin ka isa Italiyanci, ka ɗauki wahalar da ba taka ba.

Ɗauki misalin shadda. Bature na shan fama kafin ya ji bambancin casa da cassa, wato gida da akwati, ko sete da sette, ƙishirwa da bakwai, ko nono da nonno, na tara da kaka namiji. Kai da ka san baba daban babba daban, wa zai koya maka wannan? Duk inda ka ga baƙi biyu a jere, ka danna shi kamar yadda malamin allo ya koya maka. Harafin r na Italiyanci mai kaɗawa ne, irin na "tara" ta lissafi, kana da shi. Sautin da suke rubutawa gn, kamar a bagno ko signore, bai yi nisa da ny na "hanya" ba. Wasulansu a rubuce biyar ne kamar namu, kuma kusan yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta. Ƙa'idojin rubutun da za su ruɗe ka 'yan kaɗan ne, a yini biyu za ka gama da su: c kafin e ko i ita ce c ɗinmu ta "ciki", a sauran wurare k ce; ch kullum k ce; g kafin e ko i tana zama j; sc kafin e ko i tana zama sh; h kuwa ba a furta ta.

Sai jinsi. Ɗan Ingila yakan yi wata yana mamakin yadda tebur zai zama namiji. Mu da muke cewa farin doki da farar riga ba baƙon abu ba ne a wurinmu: cavallo bianco, camicia bianca. Har ma an yi dace, yawancin sunayen da suka ƙare da a mata ne a harsunan biyu. Jam'insu kuma ya fi namu sauƙi nesa ba kusa ba, o ta koma i, a ta koma e, e ta koma i. Wanda ya iya gida da gidaje, doki da dawakai, ba zai ji tsoron libro da libri ba. Tarkon da ke nan shi ne jinsin kalma a Hausa ya bi ka zuwa can. Rana mace ce a wurinmu, il sole namiji ne. Wata namiji ne, la luna mace ce. Haka ruwa da l'acqua, gida da la casa, duk a juye suke. Maganinsa ɗaya: kada ka taɓa haddace suna shi kaɗai. Ka haddace shi da ɗan harafin da ke gabansa, il ko lo ko la, kamar jikinsa ne. Da haka za ka kama masu saɓa ƙa'ida irin su il problema da la mano ba tare da ka sha wuya ba.

Har a ginin magana akwai inda muka haɗu. Ba'italiye cewa yake ho vent'anni, "ina da shekara ashirin", daidai da mu. Girmamawa ma haka: yadda ba za ka ce wa dattijo "kai" ba sai "ku", su ma suna da tu na tsara da Lei na girmamawa, a kudancin ƙasar ma har yanzu za ka ji ana ce wa dattijo Voi, wato "ku" ɗinmu sak. Ka fara da Lei ga malami, ma'aikaci, likita da duk wanda ya girme ka, sai in shi ya ce ku koma tu. Kada kuma ka shiga ofis da ciao, wannan gaisuwar abokai ce. Buongiorno da safe zuwa rana, buonasera da yamma.

Inda za ka sha wuya kuwa wuri uku ne, kuma babu littafin da zai faɗa maka, domin ba a rubuta su don mu ba. Na farko p da f. A Hausa sauti ɗaya ne, a can biyu ne: pino itace ne, fino kuwa "har zuwa". Na biyu v da b: vene jijiyoyi, bene lafiya lau. Ka tsaya gaban madubi. A p da b leɓɓa biyu ke haɗuwa, a f da v haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Minti biyar kullum na sati biyu, da kalmomi irin su pane, fame, vino, bevo, za ka ga canji. Na uku, bakinmu ba ya son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, shi ya sa muka mai da burodi da sukurudireba yadda muka mai da su. Za ka ji kanka kana cewa "sitirada" maimakon strada, "sukola" maimakon scuola. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, kunnenka zai kama abin da bakinka ya ɓoye maka. Na taɓa koyar da wani bawan Allah da ya yi shekara shida a ƙasar, yana da kalmomi masu yawa, amma kullum sai an ce ya maimaita. Da muka gyara waɗannan ukun a wata guda, shi da kansa ya zo yana ba ni labarin cewa mai kanti ya daina ce masa "come?".

Akwai kuma nauyin gaɓa. Papa shi ne Fafaroma, papà uba ne. Parlo "ina magana", parlò "ya yi magana". Kunnen da ya saba da karin sautin Hausa zai ji wannan da wuri, in dai da kunne ka koyi kalmar tun farko.

To, yanzu littafi. Ka sayi ɗaya, ka bi shi daga bango zuwa bango. Biyu ne na fi sani kuma na koyar da su: Nuovo Espresso na kamfanin Alma Edizioni, da Nuovissimo Progetto Italiano na Edilingua. A Nuovo Espresso, juzu'i na ɗaya matakin A1 ne, na biyu A2, na uku B1. Waɗannan matakan auna iya yare ne, A1 na mai farawa, sai A2, B1, B2 ana hawa sama. Ni na fi karkata gare shi ga mai koyo shi kaɗai, saboda darussansa gajeru ne kuma hirarrakinsa na rayuwar yau da kullum ne, wurin shan kofi, tashar jirgi, neman ɗaki. Ɗayan ya fi zurfi a nahawu, ya fi dacewa da wanda ke da malami. Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata ka samu sautin da ke tare da shi, domin littafin yare babu murya rabin kaya ne. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne tara littattafai goma a waya. Na ga ɗalibai da yawa da suka karanta babi na ɗaya na littafi biyar, ba su kai babi na biyar na ko ɗaya ba.

Duolingo ba laifi ba ne, kada ka goge shi. Amma ka san matsayinsa: abin taɓawa ne a cikin mota ko a layi. Yana koya maka gane amsa in an jera maka zaɓi, shi kuwa mutum in ya tsaya a gabanka ba zai jera maka zaɓi ba. Dalilin da ya sa ka yi sati uku ba ka haɗa jimla ba ke nan. Akwai wani darasin sauti na kyauta mai suna Language Transfer, yana da kashin gabatarwa na Italiyanci. Malamin yakan ba da jimla ya ce ka gina ta da kanka kafin ya faɗi amsa. Ka dakatar da sautin, ka faɗa da ƙarfi, sannan ka ci gaba. Da Turanci yake bayani, amma aikin da yake sa kwanyarka shi ne ainihin aikin magana. Da shi nake so ka cika watanka na farko, tare da gyaran furuci.

Maganar kalmomi. Wani babban masanin harshe na Italiya, Tullio De Mauro, ya fitar a 1980 da jerin kalmomin da ya kira na tushe, wajen 7,000, aka sabunta shi a 2016. A cikinsu akwai kimanin 2,000 da su ne ƙashin bayan harshen, su ke cike mafi yawan abin da ake faɗa da abin da ake rubutawa. Wannan 2,000 ɗin ita ce gonarka. Kalma takwas a rana na wata takwas ta kusa kai ka can. Yadda za ka riƙe su kuwa, ba sabon abu zan koya maka ba, tsarin makarantar allo ne: ka ɗauki kaɗan, ka maimaita da ƙarfi har ya zauna, sannan kullum ka yi tilawar na baya kafin ka ƙara sabo. Manhajar Anki wannan aikin take yi, tana dawo maka da kalma daidai lokacin da ka kusa manta ta, kuma kyauta ce a kwamfuta da wayar Android. Sharaɗina biyu ne. Ka rubuta katunanka da kanka, kada ka sauke na wani. Kuma a bayan katin ka sa Hausa, cikin gajeriyar jimla. A gaba "Ho fame", a baya "ina jin yunwa". A gaba "Quanto costa?", a baya "nawa ne?". Da haka kake gina hanya kai tsaye tsakanin harshen da kake tunani da shi da wanda kake nema. Wani lokaci ma za ka ci karo da 'yan uwa: zucchero da sukari duk daga Larabci suka fito.

Aikatau shi ne dutsen da ke gabanka, ba zan ɓoye maka ba. Mu a Hausa aikatau ba ya motsi sosai, wakilin suna ne ke canzawa a gabansa: ina magana, kana magana, muna magana. Su a wutsiya suke canzawa: parlo, parli, parla, parliamo, parlate, parlano. Wanda ya taɓa karanta sarfu a Larabci ya san irin wannan. Gida uku ne, masu ƙarewa da are, ere da ire, sai 'yan tawaye da aka fi amfani da su kullum: essere, avere, fare, andare, venire, potere, volere, dovere. Waɗannan takwas ka haddace su kamar karatu, da baki, kana tafiya kana rerawa. A wata takwas lokuta uku sun ishe ka: na yanzu, shuɗaɗɗen da suke kira passato prossimo, da imperfetto na ba da labarin yadda abu yake a da. Ka ƙara da vorrei, "ina so" cikin ladabi, wadda za ka yi amfani da ita sau goma a rana. Congiuntivo, siffar aikatau ta fata da shakka, da ake tsorata mutane da shi ka bar shi sai ka sauka.

Lissafin lokaci kuma ga shi. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Italiyanci a rukunin harsuna mafi sauƙi ga mai Turanci, amma duk da haka ta taɓa ƙiyasta awa 600 zuwa 750 na aji kafin mutum ya iya aiki da shi. Makarantun manya na gwamnatin Italiya, CPIA, awa 200 suke warewa don kai baƙo matakin A2. Kai in ka ba shi awa ɗaya kullum na wata takwas, kana da wajen awa 240. Ma'ana A2 mai ƙwari abu ne da za ka iya kaiwa, wato ka yi cefane, ka nemi hanya, ka cike takarda, ka ba da labarin jiya. Duk wanda ya yi maka alkawarin ƙwarewa a wata uku, kuɗinka yake so. Awar nan kuma kada ka tara ta zuwa Asabar. Minti 30 bayan sallar asuba ga littafi, lokacin kai na sake. Minti 10 ga katuna da rana. Minti 20 na saurare da dare. Ran da abubuwa suka cushe, ko minti 10 ne ka yi, kada dai ranar ta wuce babu komai.

Sauraren nan ina so in daɗe a kansa, don shi aka fi rainawa. Mutum zai gama littafi biyu, ya sauka a filin jirgi, a yi masa magana ya ji kamar ruwa ake zubawa. Kalmomin ya san su, kunnen ne bai saba da gudunsu ba. A YouTube akwai Easy Italian, suna tare mutane a titi suna yi musu tambayoyi, da rubutun abin da ake faɗa a ƙasa. Akwai Learn Italian with Lucrezia, tana magana a hankali. In ka ɗan yi nisa akwai Podcast Italiano, wanda ke da kashi na masu farawa. Dabarar ita ce kada ka yi ta sauya sabo. Ka ɗauki minti biyu kacal, ka saurara babu rubutu, ka saurara da rubutu, ka nemo abin da ba ka sani ba, sannan ka bi mai maganar da bakinka kamar yadda ake bin alaramma, har sai gudunka ya yi daidai da nasa. Minti biyu da aka tauna sau goma sun fi awa biyu da aka bari suna wucewa ta bayan kunne. In kai mai son ƙwallo ne, ka riƙa kallon taƙaitattun wasannin Serie A da sharhin Italiyanci, ka riga ka san abin da ke faruwa a fili, kalmomin ne kawai za su riƙa manne wa hoton. Littattafan labari masu sauƙi ma suna nan, Alma na da jerin da ke farawa daga kalma 500.

Daga wata na uku ka nemi mutum. A italki ana samun masu koyarwa da ake biya a kan awa, ko rabin awa a mako ya isa in aljihu bai da nauyi. A Tandem kuma musaya ake, ka ba wani Turanci ya ba ka Italiyanci. Ka gaya wa malamin tun farko cewa ba ka son bayani da Turanci sai in an maƙale. Ka shirya abin da za ka faɗa: sunanka, garinku, abin da za ka karanta, abin da ka ci jiya. Kunya ce babbar matsalar mutanenmu a nan, musamman masu ilimi, ba sa son a ji sun yi kuskure. A abin da na gani, Italiyawa sukan yi murna in baƙo ya gwada yarensu, su ƙarasa maka kalmar da ta ɓace. Jimloli uku za su riƙe ka a kowace hira: "Non ho capito", ban gane ba, "Può ripetere, per favore?", a maimaita don Allah, "Come si dice?", yaya ake cewa.

Ga 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu Faransanci, tafiyarku ta fi gajarta, domin yawancin kalmomin dangin juna ne kuma tsarin aikatau kusan ɗaya ne. Ku dai kula da masu kama da juna amma ma'ana daban: salire hawa ne, ba ɓata abu da datti ba, fermare tsayarwa ne, ba rufewa ba. Mai Turanci ma yana da nasa: camera ɗaki ne, parenti dangi ne, caldo zafi ne. Ƙamus kuwa WordReference ya ishe ka a yanzu, Reverso Context don ganin kalma cikin jimla, sai Treccani in ka kai inda za ka karanta ma'ana da Italiyanci.

Wani abu da zai iya girgiza ka in ka sauka: za ka ji tsofaffi suna wata magana da ba ta yi kama da ta littafi ba. Kada ka zargi karatunka. Lokacin da aka haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861, De Mauro ya ƙiyasta cewa kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na mutanen ke iya wannan Italiyancin, wanda asalinsa harshen Firenze ne. Sauran kowa da yaren yankinsa, na Napoli daban, na Sisiliya daban, na Benis daban. Makaranta da aikin soja da talabijin ne suka yaɗa shi. A Torino akwai yaren Piemonte, kuma garin ya cika da mutanen kudu da suka zo aikin kamfanin Fiat a shekarun 1950 da 1960, don haka za ka ji kari iri-iri. Amma kowa na jin daidaitaccen Italiyanci, kuma shi za su yi maka.

Shaidar jarrabawa ba ta zama dole a kanka yanzu ba tunda da Turanci za ka yi karatu, amma ka san da ita. Huɗu ne suka fi shahara: CILS ta jami'ar baƙi da ke Siena, CELI ta jami'ar baƙi da ke Perugia, PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, da CERT.IT ta jami'ar Roma Tre. Takardar zama ta dogon lokaci tana buƙatar A2. Neman zama ɗan ƙasa, tun ƙarshen 2018, yana buƙatar B1. Karatun jami'a da Italiyanci kuwa galibi B2 ake nema. Tsofaffin takardun jarrabawar CILS da CELI suna nan a shafukan jami'o'in, ka sauke na A2 a wata na bakwai ka gwada kanka da agogo.

A watan ƙarshe ka ajiye sabon nahawu, ka koma kan kalmomin makon farko. Cikin kwanakin aiki takwas da saukarka dole ka nemi takardar zama, permesso di soggiorno, kuma a gidan waya ake karɓar fom ɗin a mayar. Za a tambaye ka codice fiscale, lambar haraji da babu abin da ke tafiya sai da ita. Za a ce ka kawo marca da bollo, kan sarki na Yuro 16 da ake saya a shagon taba, tabaccheria. Ricevuta ita ce rasit ɗin da za su ba ka, ka adana ta kamar fasfo har katin ya fito. Appuntamento, affitto, contratto, caparra, wato ranar ganawa, kuɗin haya, yarjejeniya da kuɗin ajiya na gida, duk ka sa su a katunanka. Sannan a satin farko ka tambayi cibiyar harsuna ta jami'arku ko tana da ajin Italiyanci na ɗalibai baƙi, ka kuma nemi CPIA mafi kusa da unguwarku ka yi rajista da wuri, domin ajujuwan kan cika tun farkon zango.